Dick Tiger ya yi suna tun kafin ya ƙara kilo

Ku masu musu a Facebook cewa ɗan dambe ba ya zama gwarzo sai ya haura ajin nauyi, kun san Dick Tiger? Sunansa na asali Richard Ihetu, haifaffen Amaigbo a 1929. A 1962 ya doke Gene Fullmer ya ɗauki kambun duniya na matsakaita nauyi, ya sake lallasa shi a Ibadan a 1963. Ni a ganina tun nan ya gama magana. Eh, daga baya ya haura, har ya ƙwace kambun José Torres a 1966, amma fa Bob Foster, zanƙalelen dogo, ya shimfiɗe shi a turmi na huɗu a 1968. Sankarar hanta ta yi ajalinsa a 1971, yana da shekara 42.