Tarihin Marigayi Likita Mila na Zariya

A cikin Turawan da suka zauna ƙasar Hausa a farkon zamanin mulkin mallaka, kaɗan ne sunansu ya shiga bakin jama'a kamar Walter Miller, wanda Zagezagi suka sani da Likita Mila. An haife shi a Ingila cikin shekarar 1872, ya yi ilmin likita a asibitin St Bartholomew da ke birnin Landan. Da ya gama, maimakon ya zauna gida ya ci moriyar sana'arsa, sai ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta CMS, ita kuwa ta tura shi Tarabulus don ya koyi Hausa a bakin fatake da alhazan da ke yada zango a can. A nan ne ya gamu da wani yaro Bakatsine, Abdulmajid Tafida, wanda ya zama malaminsa na Hausa kuma abokin zamansa.

Cikin 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci ayarin Turawa biyar, har da Mila, suka taso daga Ikko suka nufi Kano. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya umarce su da su bar masa gari cikin 'yan kwanaki. Suka juyo suka sauka Girku, kudu da Zariya, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Sauran suka watse, amma Mila ya komo. A 1905 ya sami izinin zama cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta.

Wannan zama nasa cikin ganuwa shi ne abin da ya bambanta shi da sauran 'yan mishan. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka yawancin ƙungiyoyin mishan suka karkata ga jama'ar da ba Musulmi ba, kamar yadda ƙungiyar UMS ta yi daga baya a Salka cikin Kambari, da Zuru. Shi kuwa Mila Hausawan birni yake so, bai kuwa taɓa ɓoye manufarsa ba. Har ya kai wa Lugga shawarar a kafa makarantar 'ya'yan sarakuna da ta malamai a koya musu boko, amma gwamnan da ya gaje shi, Girouard, bai amince a danƙa wa ɗan mishan wannan aiki ba. Hans Vischer, watau Ɗan Hausa, aka ba, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909.

Waɗanda suka bi addininsa a birni ba su da yawa. Sai cikin 1913 waɗansu Isawa suka zo wurinsa. Su mabiyan Malam Ibrahim ne, malamin da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda irin matsayin da yake ba Annabi Isa a cikin karatunsa. Aka tara su a ƙauyen Gimi, suka yi gonaki da makaranta, har ana ganin abin ya kafu. Ba a jima ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da dama, dole aka kwashe sauran, yaran cikinsu aka kai su makarantar Zariya.

Mila mutum ne mai kaifin harshe, ba ya ganin abu ya yi shiru. Ya yi ta kai ƙarar zaluncin hakimai da 'yan doka wurin Razdan, yana kuma sukar Turawan mulki da cewa sun ɗaure wa sarakuna gindi. Tsakaninsa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, mashahurin mawaƙin nan, zama ya yi tsami ƙwarai, kuma ƙorafe-ƙorafensa suna cikin abin da ya kai ga tuɓe Sarki a 1920 aka kai shi Lakwaja. Waɗansu sun ɗauke shi mai tsaya wa talaka, waɗansu kuwa suka ce baƙo ne da ya wuce makaɗi da rawa. Duka biyun suna da abin kamawa.

A 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa. Mila ya koma Kano ya duƙufa kan aikin da ya ci masa shekaru wajen 30, watau fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tare da abokan aikinsa, aka buga shi cikakke a 1932. Tun 1901 ma ya wallafa littafin koyon Hausa, kuma a zamaninsa ba a cika samun Baturen da ya kai shi jin harshen ba.

Makarantar da ya dasa ita ce ta fi komai nasa yaɗo. Daga cikinta aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa kuma shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa na farko, da John Tafida Umaru wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A Wusasa kuma Farfesa Ishaya Audu, ɗan zuriyar Isawa, ya yi karatu kafin ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, haka ma Janar Yakubu Gowon.

Mila ya ajiye aiki a 1935 ya tafi Ingila, amma zaman can bai karɓe shi ba, ya dawo a 1939. Ya rasu a Bukuru cikin 1952 yana da shekara 80, aka binne shi a Jos.