Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Sarkin da Ya San Darajar Manomi

Tunda bana ma Allah Ya nuna muna zagayowar ranar ƙungiyarmu, bari in ɗan ba mu tarihin mutumin da ya gina garin ga da muke ciki, don akwai abin da ya shafi sana'armu cikinsa.

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, kuma wan Nana Asma'u. Ya yi karatu wajen mahaifinsa da ƙanen mahaifinsa Malam Abdullahi. Da anka fara jihadi a 1804 yana cikin manyan jagorori, har anka ci Alƙalawa a 1808. A 1809 ya kafa birnin Sakkwato, wanda Ƙofar Taramniya tamu ke cikin ƙofofinsa. Bayan rasuwar Shehu a 1817 anka yi masa mubaya'a, ya yi shekara 20 yana Sarkin Musulmi.

Mafi yawanmu yaƙi da karatu kawai munka sani game da shi. To amma shekarun yaƙi sun zo da yunwa, mutane sun bar gonaki, rumbuna sun ƙare. Bello ya ga wannan da idonsa, ya gane cewa gari ba ya zama sai da abinci. Shi ya sa ya riƙa kafa garuruwan tsaro da ake kira ribaɗi, irin su Wurno da ke bakin fadamar gulbin Rima. Ana ba mutane fili, a kewaye gari da ganuwa, a sa malami da alƙali, manomi ya fita gona hankali kwance ya dawo gida lafiya. Ya kuma ja hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri guda, su haɗa kiwo da noma, 'ya'yansu su samu karatu.

Bai tsaya nan ba, har rubutawa ya yi. A littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya aika wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya nuna cewa aikin shugaba ne ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta, ya sa a samu masu sana'a kowane gari, a tanadi abinci, a gyara hanyoyi da kasuwanni. Ku duba fa, manomi da ɗan kasuwa wuri guda ya sa su. Tarihin da ake bayarwa a ƙasar ga yana danganta masa yaɗa noman rake da ban ruwa da jigo a fadamu. An kuma san shi da cin guminsa, ba ya dogara ga baitulmali.

Ya koma Wurno da zama a ƙarshen rayuwarsa, can Allah Ya karɓi abinsa a 1837, can kuma hubbarensa yake. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Har yau shinkafa da albasa da tafarnuwar da muke kasawa, da yawa daga wannan yankin suke fitowa.

'Yan uwa, mai tuwo-tuwo, mai fura, mai ƙuli-ƙuli, mai sayar da kayan miya, dukanmu a bayan manomi muke. Yanzu da rashin tsaro ya hana mutanen Isa da Sabon Birni zuwa gonakinsu yadda sunka saba, ai mun ji a kuɗin mudun gero. Abin da Bello ya gano ke nan tun shekara ɗari biyu, in manomi bai kwana lafiya ba, tukunyar birni ba ta tafasa.

Tsaro aikin hukuma ne, amma mu ma da namu. In kaka ta yi, manomi ya kawo hatsi yana cikin matsi, kada mu karya masa farashi don mun ga bai da yadda za shi yi. Mu gyara mudu, mu biya bashi kan lokaci. Kuma kada mu bari 'ya'yanmu su tashi suna yi wa ɗan ƙauye kallon raini, alhali da guminsa munka raine su.

Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Bello, Ya ba manomanmu damina mai albarka da zaman lafiya. Amin.