SARAUNIYA MANGU TA LUGU, MAI TSARON GADON KAKANNI

Ƴan'uwa na gida da na bida, a wannan fitowa za mu kawo muku tarihin wata tsohuwa wadda sunanta ya cika ƙasar Nijar. Yara sun ji ta a lakwal, wasu sun gan ta a silima, amma kaɗan ne suka san abin da ta tsare har ta yi suna. Ita ce Sarauniya Mangu ta Lugu.

Lugu ƙauye ne a ƙasar Arewa, gabas maso arewa da Dogon Dutsi, cikin karkarar Dankasari. Mutanensa na asali Gubawa ne, Azna masu bin al'adar kakanni. Tsofaffinsu suna cewa daga Daura kakanninsu suka taso, mace tana gaba, suna biye da wani dutsi mai suna Tunguma, sai inda ya tsaya suka yada zango. Tun daga nan ƙasar ta zama amana a hannun mace. Saboda haka Sarauniya sunan sarauta ne. An yi wasu kafin Mangu, an kuma yi wasu bayanta.

Wannan sarauta ba a nemanta da kuɗi ko da kamun ƙafa. In Sarauniya ta rasu, akan ɗauki gawarta a zaga da ita, matar da ta nufa ita ce magajiya. Ana ce wa wannan tarkama. Wadda abin ya faɗa wa kuwa ta bar yawo ke nan. Tana zaune a bukkarta da fararen tufafi, tana kaɗin auduga. Ba ta da dogarai, ba ta da doki. Aikinta roƙon ruwa da lafiyar ƙasa, da sauraron masu kuka, da kiyaye hane-hanen da aka gada. Masu gardama kuma sukan tafi wurin Tunguma a raba musu. A Bagaji akwai Baura, wanda ake ɗauka ɗan'uwanta ne wajen riƙon al'ada. Haka Mangu take zaune har shekarar 1899.

A farkon wannan shekara rundunar Faransa ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tabkin Cadi. Kaftin Bule da Kaftin Shanuwan ke jagorantarta. Turawan ƙalilan ne, sauran sojoji baƙaƙe ne da ɗimbin ƴan dako da aka kamo da ƙarfi. Duk inda suka bi sai toka: a kwashe hatsi, a kore dabbobi, a ƙone gari. A watan Janairu sun yi kisan gilla a Sansane Hausa, labarin ya riga su isowa Arewa. Sarakuna da yawa suka ga ba su da ƙarfin tsayawa, suka ba da abin da aka ce su ba da. Ba mu zarge su ba, kowa ya san zafin harsashi.

Sarauniya Mangu ta ƙi. Ta aika wa Nasara cewa ba za su ratsa ƙasarta ba. Maharba da manoma suka taru a Lugu da baka da kwari. A tsakiyar watan Afrilu aka yi karo. Da wuta ta yi yawa, sai mutanen suka ja cikin kurmin da ke kusa da garin, mai sarƙaƙiya da ƙaya, wanda kakanni suka hana a sa masa gatari. A nan bindiga ta rasa abin gani. Takardun Faransa da kansu sun ƙidaya sojoji 4 da suka mutu, 6 da suka yi rauni, da harsashi wajen 7.000 da aka ƙone. Tun tasowarsu ba su gamu da turjiya irin wannan ba.

Gaskiya a faɗe ta: Lugu ta sha wuta, an kashe mutane da dama, an ƙone garin. Amma Nasara ba su kama Sarauniya ba, ba su kuma raba ta da ƙasarta ba. Da suka wuce, jama'a suka fito, aka sake kafa bukkoki, Mangu ta koma kan aikinta.

Su kuwa maharan, ƙarshensu bai yi kyau ba. A watan Mayu suka ragargaza Birnin Konni. Da labarin ɓarnarsu ya kai Faransa, aka turo Kanar Kulob ya karɓe rundunar. Ran 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Bule ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsu suka juya musu, suka kashe Shanuwan da Bule. Kaburburansu suna Maijirgi. Wata uku ke nan bayan yaƙin Lugu, shi ya sa tsofaffin Arewa suke cewa alhakin Sarauniya ne ya bi su.

Turawa sun rubuta labarinta cikin ƴan layuka, suna kiranta tsohuwar mayya. Sauran duka a bakin dattawa ya zauna, kaka ya ba jika. Sai a 1980 Abdullahi Mamani ya fitar da littafi a kanta da Faransanci, a 1986 Med Hondo ya mai da shi silima, wadda ta ci babbar kyautar bikin silima na Wagadugu a 1987. A can an nuna ta matashiya mai jan yaƙi. Mutanen Lugu kuwa mai tsaron ƙasa da al'ada suka sani. A 2006 Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da take so UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya.

To, jama'a, ga abin lura. Kurmin da ya ɓoye mutanen Lugu ba a rana ɗaya ya tsiro ba. Ya tsaya ne don dattawa sun ce kada a sara, yara kuma sun ji. Da an mai da shi itacen girki, da ba a sami mafaka ba ranar da aka buƙace ta.

Kowane garinmu yana da irin nasa: tsohon kufai, ko kukar da aka kafa gari a gindinta, ko rijiyar farko, ko maƙabartar kakanni. Yau gatari da faɗaɗa gona suna cinye su a hankali. Tsare irin waɗannan wurare bai zama bauta musu ba. Musulmi ma yana iya kiyaye shaidar asalinsa da haƙƙin maƙwabcinsa mai wata al'ada.

Saboda haka muna kira ga masu gari su shata iyakar waɗannan wurare a gaban shaidu. Ku kuma ƴan bida na Yamai, da Abijan, da Ikko, in kun zo ganin gida ku zauna gaban tsofaffi da takarda da alƙalami, ko ku ɗauki muryarsu a salula. Ku tambayi sunan kowane wuri da dalilin haninsa tun masu sanin suna da rai. Allah ya ja kwanan dattawanmu, ya mai da matafiya gida lafiya.