Elie Metchnikoff: Masanin da ya nemi asalin ruɗewar tsufa a cikin hanji

An haifi Elie Metchnikoff ranar 15 ga Mayu, 1845, a wani ƙauye kusa da birnin Kharkiv, wanda a wancan zamani yake ƙarƙashin Daular Rasha, a yau kuma yake cikin ƙasar Yukren. Ya karanta ilimin dabbobi, sannan ya koyar a jami'ar Odesa.

A shekarar 1882, a garin Messina na Italiya, ya soka ƙayar fure a jikin 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro. Washegari ya tarar wasu ƙwayoyin jiki sun yi wa ƙayar dafifi. Daga nan ya gano cewa a jikin mai rai akwai dakarun da ke haɗiye baƙin ƙwayoyin cuta. Wannan aiki ne ya kai shi Cibiyar Pasteur da ke Paris a 1888, ya kuma samo masa kyautar Nobel a 1908 tare da Bajamushe Paul Ehrlich.

Da shekaru suka ja, sai hankalinsa ya koma kan tsufa. A ganinsa, bakteriyar da ke ruɓar da abinci a babban hanji na fitar da dafi mai shiga jini, yana raunana ƙwayoyin ƙwaƙwalwa har dakarun jiki su juyo su cinye su. Da ya ji labarin tsawon ran manoman Bulgeriya, sai ya danganta shi da madara mai tsami da suke sha, 'yar'uwar kindirmo da nonon da ake damawa da fura tun daga Sakkwato har unguwannin Hausawa na Fatakwal, Anacha da Inugu. Shi kansa ya lizimci shan ta kullum.

Ya rasu a Paris ranar 15 ga Yuli, 1916, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 71. Bayansa masana sun jingine ra'ayin, musamman da aka ga bakteriyar madarar ba ta daɗewa a hanji.

Sai dai zamani ya dawo da tambayarsa. An san cewa kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin serotonin a hanji ake samar da shi, kuma wata doguwar jijiya na kai saƙo tsakanin ciki da ƙwaƙwalwa. A 2003, Heiko Braak na Jamus ya kawo hasashen cewa cutar karkarwa ta Parkinson na iya farawa daga hanji. A 2016, masu bincike a Kalifoniya sun nuna cewa ɓerayen da aka raina babu bakteriya a cikinsu sun fi samun sauƙin alamomin cutar.

Nono abinci ne mai gina jiki, amma ba a tabbatar yana warkar da cutar ƙwaƙwalwa ba. Wanda hannunsa ya soma karkarwa, ko mantuwa ta yi masa yawa, asibiti ya kamata a kai shi.