Guido von List, mutumin da ya sauya wa haruffan rune ma'ana

An haifi Guido von List ranar 5 ga Oktoba 1848 a Viyana, babban birnin Ostiriya, a gidan wani attajirin ɗan kasuwar fatu. Ya yi aikin jarida, ya rubuta littattafan hikaya, amma hankalinsa na kan addinin gargajiyar kakannin Jamusawa da rubutunsu, wato rune.

Rune haruffa ne da mutanen arewacin Turai suke sassaƙawa bisa dutse da itace. Tsohon jerin na da haruffa 24, na zamanin Viking 16. Kowane harafi da sunansa: fehu dukiya ko shanu, isa ƙanƙara, sol rana.

A 1902 aka yi wa List aikin yanar ido, ya share watanni 11 ba ya gani. Ya ce cikin wannan duhu ne asirin haruffan ya bayyana gare shi. A 1908 ya fitar da littafi mai haruffa 18, kowane da ɓoyayyar ma'ana. Masana tarihi sun yi watsi da shi, domin babu wani tsohon rubutu da ya gaskata jerin, amma masu duba da tsibbu na Jamus suka rungume shi.

Koyarwar tasa ta cuɗe da fifita jinsin Jamusawa da ƙyamar Yahudawa. Ya mutu a Berlin ranar 17 ga Mayu 1919. Daga baya, harafin rana, wanda ya danganta da nasara, ya zama tambarin dakarun SS na Hitila.