Ibnul Haisam, Malamin da Ya Rufe Ɗaki Don Ya Gane Haske



Ɗan'uwa, ƴar'uwa, kafin ka yi nisa a wannan shafi, ƙirga mutanen gidanku da ido ya hana su wani abu. Kakar da ta daina tsince tsakuwa a hatsi don yana ta rufe mata gani. Dattijon da ya ajiye Alƙur'ani ya koma karatu da ka. Ƙanen da ake yi wa kallon daƙiƙi a lakwal, alhali allon ne ba ya hangowa daga bencin baya. A nan Gure, ga rana ga iska ga rairayi, da wuya ka rasa ko ɗaya. Shi ya sa cikin magabatan da muke tunawa a wannan ɗan littafi muka saka Abu Aliyu Hasan Ibnul Haisam, wanda Turawa ke kira Alhazen. Shi kansa ba likita ba ne. Amma duk mai auna ido ya rubuta wa mutum tabarau a yau, kan harsashin da wannan bawan Allah ya kafa yake aiki.

An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 354 bayan Hijira, wato 965. A can ya yi karatu, ya nutse cikin lissafi da handasa da ilimin taurari, ya sha littattafan Girkawa da aka riga aka mayar Larabci. Sunansa ya kai Masar ne ta dalilin wata magana da ya yi, cewa da yana can da ya yi wa kogin Nilu aikin da zai daidaita ruwansa, ko shekarar ambaliya ce ko ta ƙaranci. Mai mulkin Masar a lokacin shi ne Alhakim bi Amrillah na daular Faɗimiyya, mutum mai wuyar sha'ani. Kashe manyan ma'aikatansa bai zame masa komai ba, kuma shi ne ya taɓa hana talakawa cin malohiya, lalon nan da muke miya da shi. To, irin wannan sarki ne ya aika a zo masa da Ibnul Haisam.

Masanin tarihi Ibnul Ƙifɗi ya ruwaito cewa an haɗa shi da magina, suka bi kogin suka yi kudu har wajen Aswan. Da ya ga faɗin ruwan da ƙarfinsa da idonsa, ya san da kayan aikin zamaninsa abin ba zai yiwu ba. Ya dawo ya faɗa wa sarki haka. Ka tsaya nan kaɗan. Yana iya fara aikin ya yi ta cin kuɗi shekara da shekaru, kamar yadda muke gani ana yi da kwangila. Bai yi ba. Kuma ya yi gaskiya, don ba a datse Nilu a Aswan ba sai 1902, babbar madatsar kuwa sai 1970 aka gama ta. Sarki ya ba shi wani muƙami, shi kuwa ya ga kansa a bakin kura, sai ya ƙaƙaba wa kansa hauka. Aka riƙe dukiyarsa, aka tsare shi a gida har Alhakim ya ɓace a 1021. Haukan ƙaryar dai ba mu ce ka yi koyi da shi ba.

A tsakanin waɗannan shekaru, daga wajen 1011 zuwa 1021, ake ƙiyasta ya rubuta babban littafinsa, Kitabul Manaziri, mai juzu'i 7. Tambayar da ya tunkara kamar ta yara ce: yaya muke gani? Manyan Girkawa irin su Iƙlidis da Baɗlimus sun tafi a kan cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓo abin da ake kallo, kamar makaho da sandarsa. Fiye da shekara 800 ana karantar da haka. Ibnul Haisam ya fara da abin da kowa ya sani. In ka kalli rana idonka zai yi zafi. In ka ƙura wa fitila ido sannan ka kau da kai, za ka ci gaba da ganin tabonta na ɗan lokaci. Ke nan wani abu ne ke shigowa ido daga waje yana yi masa tasiri.

Bai tsaya ga hujjar baki ba. Ya jera fitilu a wurare daban-daban a gaban wata ƴar kafa, bayan kafar kuma ɗaki ne mai duhu. A bangon ɗakin sai ga tabon haske, kowace fitila da nata, kowanne daura da fitilarsa ta cikin kafar. Ya rufe fitila ɗaya, tabonta kaɗai ya ɓace. Ya buɗe, ya dawo. Da wannan ya nuna haske a miƙe yake tafiya, kuma hasken fitilu da yawa na ratsa kafa ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba. Wallahi kana iya gwada wannan yau a ɗakin laka. Toshe ko'ina da tsakar rana, bar huda ɗaya ƙarama a taga, rataya farin zane daura da ita, ka jira idonka ya saba da duhu. Za ka ga tsakar gidanku a jikin zanen, kai ƙasa ƙafa sama.

Ka sha ganin ana yaɗawa a WhatsApp wai shi ya ƙera kamara, shi ya ƙera tabarau. Ba haka ba ne, kuma ba ya bukatar mu yi masa ƙari. Tabarau sai wajen 1286 ya bayyana a Italiya. Abin da ya yi ya fi wannan. Da ya zo bayanin yadda haske ke dawowa daga madubi, da yadda yake karyewa in ya shiga ruwa ko gilashi, sai ya tsara na'urorin awo na tagulla da katako, ya rubuta faɗinsu da kaurinsu da inda za a huda, dalla-dalla har mai karatu ya gaji. Manufarsa ɗalibi ya ƙera nasa, ya gwada, ya gani da idonsa. Wannan gwaji shi yake kira i'itibari. Har littafi guda ya rubuta na shakkun da yake da su a kan Baɗlimus, malamin da shi kansa yake girmamawa.

Ku ƴan seri D da C masu shirin bak, nan ne maganar ta shafe ku. Ilimin ido ya yi nisa. Akwai na'urar da ke tura haske cikin ido ta auna yadda ya dawo, cikin daƙiƙu ta nuna lambar gilashin da ya dace. Akwai manhajar Peek Acuity ta salula, wadda malaman makaranta a Kenya suka yi amfani da ita suna tantance yaran da ba sa gani sosai. Ɗaliban tiyata a wasu ƙasashe kan fara koyon cire yana a idon kwamfuta kafin su taɓa na mutum. Amma na'ura tana kuskure, musamman a idon yaro, kuma sai wanda ya san yadda haske ke karyewa zai gane ta yi. Kyautar na'urar da ba wanda ya san cikinta, ranar da ƙura ta shige ta, ta zama kayan ado a ofis. Tsangayar kiwon lafiya tana nan a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, tana kuma Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Af, shi ma Abdou Moumouni ɗin, haifaffen Tasawa, a kan hasken rana ya ƙarar da rayuwarsa.

A zamanin Ibnul Haisam, a Masar ɗin nan, akwai likitan ido Ammar ɗan Aliyu, mutumin Mausil, wanda ya ƙera allura mai rami yana tsotse yana daga ido. Shekara 1000 ke nan. Mu kuwa har yau a ƙauyukanmu akwai masu yawo suna soka tsinke su ture yanar cikin ido, tsoho ya ga haske kwana kaɗan, daga baya idon ya mutu. Alhali tun 1949 likita Harold Ridley ya fara dasa ƙwayar roba a Landan, kuma yau aikin ba ya cin awa guda. Haka amodari, mai juya gashin ido yana gogar ƙwaya, ƙaramar tiyata ke gyara shi in an zo da wuri. Daga Gure zuwa Damagaram ya haura kilomita 150. Ga tsohuwar da ba ta gani kuma ba ta da mai ja mata gora, wannan tafiya ba ƙarama ba ce.

Shi ma malamin namu bai dace a komai ba. Ya ɗauka ƙwayar nan mai kama da ƙanƙara da ke gaban ido ita ke karɓar gani. An mayar da littafinsa Latin wajen 1200, aka buga shi a birnin Bazel a 1572, kuma a 1604 Bajamushe Kepler, wanda ya karanta shi, ya nuna hoton a bangon bayan ido yake sauka, a kife, kamar dai a zanen ɗakin duhu. A ɓangaren Musulmi, Kamaluddin Alfarisi ya yi wa littafin sharhi, ya kuma bi hanyarsa har ya bayyana yadda bakan gizo ke samuwa.

Bayan an sake shi, Ibnul Haisam bai koma fada ba. Ya zauna kusa da masallacin Azhar yana koyarwa yana rubutu. An ruwaito cewa kowace shekara yakan kwafe littafin Iƙlidis da na Baɗlimus da wasu na lissafi da hannunsa, a saya dinari 150, da su yake ci har shekara ta zagayo. Ya rasu a Alƙahira wajen 430 bayan Hijira, kusan 1040, yana da shekara saba'in da ƴan kai. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, amin.