Bob Hayes (1942–2002): Gwanin Gudun da Ya Sauya Salon Ƙwallon Amurka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin dambe ko na kokawa a ƙasar Anka ko Gummi ko Bukkuyum bayan kaka, ya san cewa ƙarfin damtse kaɗai ba ya raya sunan ɗan wasa. Sunan Shago ya wanzu ne domin ya sami makaɗi irin Ɗan Anace, alhali zarata da dama sun yi kisa a fage amma sunansu ya bi su kushewa. A Amurka wannan aiki na makaɗa yana hannun 'yan jarida da kwamitocin karramawa, kuma su ma suna ɗaga wanda suka so, su kau da kai daga wanda suka ga dama. Rayuwar Bob Hayes, baƙar fatar da ya haɗa zinaren Olamfik da kofin Super Bowl, kyakkyawan fage ce ta nazarin wannan al'amari.

An haifi Robert Lee Hayes a birnin Jacksonville na jihar Fulorida ranar 20 ga Disamba, 1942, a zamanin da dokokin kudancin Amurka suka raba baƙi da farare a makaranta da asibiti da filin wasa. Ya yi sakandare a makarantar Matthew Gilbert, ta baƙaƙen fata zalla. Manyan jami'o'in jihar ba sa ɗaukar 'yan wasa irinsa a lokacin, don haka ya nufi Jami'ar Florida A&M da ke Tallahassee, wadda aka kafa domin baƙaƙe. A can ya faɗa hannun Jake Gaither, kociyan da ya jagoranci ƙungiyar ƙwallon jami'ar daga 1945 zuwa 1969, ya kuma ci wasanni sama da 200. Abin lura shi ne, ƙwallo ce ta kai Hayes jami'a, kuma a can ba mai cafe ƙwallo ba ne. Yana cikin masu karɓar ta hannu da hannu su kutsa da ita cikin abokan hamayya. Gudu kuwa sana'ar bazara ce da yake yi idan an rufe kakar ƙwallo.

Sai ga shi sana'ar bazarar ce ta fara fitar da shi duniya. A 1963, a birnin St. Louis, ya gudu yadi 100 cikin sakan 9.1, abin da ba a taɓa yi ba kafinsa. Shekara guda bayan haka ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta Tokiyo, wato gasar da Nojim Maiyegun ya samo wa Nijeriya lambarta ta farko, tagulla a damben zamani. A tseren ƙarshe na mita 100, ranar 15 ga Oktoba, 1964, an ba Hayes layi na ɗaya, wanda masu gasar tafiyar ƙasa suka riga suka tattake, kuma da takalmin aro ya yi gudun. Duk da haka ya gama cikin sakan 10.0, ya bar Enrique Figuerola na Kuba da Harry Jerome na Kanada a baya da tazara bayyananna. A tseren miƙa sanda na mutum huɗu kuwa, sanda ta iso hannunsa Amurka tana bayan ƙasashe da dama, ya wuce su ɗaya bayan ɗaya, aka tsayar da agogo a sakan 39.0, sabon tarihin duniya. Masu agogon hannu sun ƙiyasta rabonsa na tseren a ƙasa da sakan tara. Yana da shekara 21, kuma daga wannan rana bai sake shiga wata babbar gasar gudu ta duniya ba.

Dalili kuwa a fili yake: a wancan zamani gudu ba ya ciyar da mai shi, domin dokar Olamfik ta hana ɗan wasa karɓar kuɗi. Ƙungiyar Dallas Cowboys ta riga ta zaɓe shi tun a watan Disamba na 1963, a zagaye na bakwai na zaɓen sababbin 'yan wasa, da niyyar jiran ya kammala karatu. A zaɓen ne kuma ta ɗauki Roger Staubach, wanda daga baya ya zama mai jefa masa ƙwallo.

A nan akwai buƙatar ɗan bayani, domin wasan ba sananne ba ne a ƙasar Hausa. Ƙwallon Amurka da hannu aka fi yin ta. Kowane ɓangare yana da mutum 11, filin kuma yadi 100 ne tsakanin makura biyu, kuma wanda ya kai ƙwallo makurar abokan hamayya ya ci maki shida. Ana ciyar da ita gaba ta hanya biyu: ko a ruga da ita, ko a jefa wa wani ya cafe. Mai cafewa na gefe yana tsayawa can kusa da iyakar fili, ya bi wata hanya da aka tsara masa tun da farko, ya kuɓuce wa mai gadinsa, ya cafe ƙwallon tana sama. Wannan ne gurbin da kociya Tom Landry ya sa Hayes. Mutane da yawa sun yi shakka, domin an sha kawo gwanayen gudu cikin wasan su kasa: ko hannu ya ƙi riƙe ƙwallo, ko jiki ya kasa jure karo. Sun manta cewa shi ɗan ƙwallo ne tun kafin ya zama ɗan tsere.

A kakarsa ta farko, 1965, ya cafe ƙwallo 46, ya ci yadi 1,003, ya kai makura sau 12. A 1966 ya cafe 64, yadi 1,232, makura sau 13. A shekarun biyu babu mai cafewar da ya fi shi yawan shiga makura a gasar NFL. A wani wasa da ƙungiyar Washington cikin Nuwamba 1966 ya tara yadi 246 shi kaɗai, ciki har da jifa ɗaya daga Don Meredith da ya mayar yadi 95. Laƙabinsa na Harsashi ya bi bakin jama'a.

Tasirinsa mafi girma yana ga abin da ya tilasta wa abokan hamayya. Tsarin da aka fi bi a lokacin shi ne a haɗa kowane mai cafewa da mai gadi guda, ya bi shi duk inda ya nufa. To, wa zai bi mutumin da ya fi kowa gudu a duniya? Dole kociyoyi suka koma raba bayan fili yanki-yanki, kowane mai gadi ya tsare nasa, wani kuma ya ja can baya yana jiran Hayes. Masu yabonsa sukan ce shi ne sanadin ƙirƙiro tsaron yanki. Wannan zuzutawa ce, domin tsarin ya girme shi; abin da ya tabbata shi ne ya mayar da shi dole bayan da yana zaɓi. Haka kuma jan masu gadi da yake yi zuwa baya ya buɗe wa abokan wasansa tsakiyar fili, amfanin da ba ya fitowa a lissafin da ake rubuta wa mutum ɗaya.

Ba a rasa inda ya gaza ba. A wasan ƙarshe na gasar NFL ranar 31 ga Disamba, 1967, a Green Bay, cikin sanyi mai daskarar da ruwa, ɗan Fuloridan bai taɓuka abin kirki ba, kuma Dallas ta sha kashi. An daɗe ana yi masa gorin wannan rana. Sai a Janairun 1972 ƙungiyar ta ɗauki kofin Super Bowl, bayan ta doke Miami Dolphins da maki 24 da 3. Ya rufe sana'arsa da ɗan gajeren zama a San Francisco 49ers a 1975. Jimillar abin da ya bari: cafewa 371, yadi 7,414, wato kimanin yadi 20 a kowace cafewa, da shiga makura 71 ta hanyar cafewa, adadin da ya tsaya a matsayin tarihin Dallas har 2017.

Bayan ritaya rayuwa ta juya masa baya. Ya faɗa shaye-shaye, kuma a 1979 ya amsa laifin miƙa miyagun ƙwayoyi a gaban wata kotu a jihar Texas, ya yi wata goma a gidan yari. Kamfanonin da ke talla da sunansa suka janye, ayyuka suka ƙafe. Zauren karrama gwanayen wasan da ke Canton, jihar Ohayo, inda 'yan jarida ne ke zaɓen masu shiga, ya rufe masa ƙofa shekara da shekaru, duk da cewa ƙa'idar zauren ita ce a duba abin da mutum ya yi a fili kawai. Masu kare wannan jinkiri sun kafa hujja da raunin wasansa a manyan wasannin ƙarshe. Hujjar tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma ba ta da nauyin da zai rinjayi shekarun 1965 zuwa 1971, kuma da wuya a raba ta da tabon kurkukun.

Dallas kanta sai a 2001 ta rubuta sunansa cikin jerin gwanayenta a filin wasanta, lokacin ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa. Ya rasu a Jacksonville ranar 18 ga Satumba, 2002, sakamakon ciwon ƙoda, bayan fama da sankarar mafitsara da ciwon hanta, yana da shekara 59. A 2004 sunansa ya kai matakin ƙarshe na zaɓen Canton, aka sake kayar da shi. Sai a 2009, shekara bakwai bayan binne shi, aka shigar da shi zauren. Staubach ne ya gabatar da shi a bikin, ɗansa Bob Hayes ƙarami kuma ya tsaya a madadinsa.